Wasalin da Kawu Bai Ɗora Ba

Da sunan Allah nake ɗaukar alƙalamin nan, Shi ne Mai rayarwa, Shi ne Mai karɓa. Nasa muke, kuma gare Shi za a tattara mu.

Kawu ya rasu ranar wata Talata da hantsi, a farkon damina, a gidansa na gangaren Binuwai a nan Garwa. Ƙanin mahaifiyata ne, kuma shi ne babba na ƙarshe da ya rage mana. Kakanninmu fatake ne, daga Kano suka gangaro da tufafi suka zauna, duk dangi suka bi kasuwa. Shi kaɗai ya bi tumaki. Tun yana saurayi yake kiwon raguna domin Layya, har ƙafafunsa suka daina kai shi fadama.

Wurin zaman makoki, mahauta ne suka fi yawa. Wani tsohon mahauci, wanda sa'an Kawu ne, ya zauna kusa da ni yana kuka yana dariya lokaci guda.

"Malam, shekara biyu mutumin nan ya hana ni rago," in ji shi. "Dalili kuwa, wata rana na sayi ɗaya, na ɗaura wa babur, ina jansa zuwa mayanka. Sai ga Kawunka a guje a bayana, rawani ya kwance. Ya tare ni a kan kwalta ya kwance igiyar da hannunsa. Ya ce, wata uku ina tara naman nan a bayansa, kai za ka zubar da shi a hanya? Na ce ai nawa ne yanzu. Ya ce naka ne in ya mutu, yanzu kam na Allah ne."

Wani Bafulatani dattijo ya zo daga hanyar Lagdo. Ya ce "Allah yaafo mo" sau uku, wato Allah ya yafe masa, sannan ya tambaye ni ko igiyar nan ta Kawu mai ƙulli tana nan. Na ce tana rataye a rumfa. Ya roƙi a nuna masa. Ya riƙe ta, ya bi ƙullayen da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya mayar, ya tafi bai ci abinci ba.

Matar Kawu, wadda muke kira Goggo, ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Duk wanda ya shiga ya yi mata gaisuwa, abu ɗaya take faɗa: "Ya sha kokonsa, ya tambayi ko hadari ya taso."

Jikarsa ce ta iso a makare daga Ngawundare, inda take karatun kiwon dabbobi a jami'a. An riga an kai shi. Ta gaida mata, ta fito zaure ta durƙusa a gabana.

"Baffa, kun gama?"

"Ba mu gama ba."

"Nawa kuka yi?"

"Ko ɗaya."

Mutanen da ke wurin sun ɗauka maganar rabon sadaka muke. Maganar littattafan Kawu ce, guda goma sha ɗaya, waɗanda ya cika da rubutun ajami a kan ragunansa. Akwai gyaran da ya kamata ni da shi mu yi musu kafin ya tafi, ba mu yi ba. Dalilin wannan rubutu ke nan. Amma bari in fara da mutumin.

Kawu ba ya auna rago a sikeli. Yana da igiya mai ƙulli-ƙulli, yakan zagaya ta a ƙirjin rago bayan ƙafafun gaba kowace Juma'a da safe. Daga nan ya ɗora tafin hannunsa a kan gadon baya, ya lumshe ido, ya danna. Yana kuma da wani carbi na ƙwallon dabino da ya huda da kansa, daban da na tasbihi. Da shi yake ƙirga takun garke daga gida zuwa makiyaya, kowane taku ɗari ƙwallo ɗaya. Mutane kan gan shi yana tafe yana jan carbi su ce Allah ya ba mu irin ibadar bawan nan. Shi kuwa yakan ce musu: "Kada ku ɗora min ladan da ba nawa ba. Ƙafar tumaki nake ƙirgawa."

In ka tambaye shi amfanin wannan wahala, sai ya buɗe yatsu huɗu. Ya ce abin da rago ya ci, rabo huɗu ake yi da shi. Rabon rai, wanda zai ci gaba da numfashi da shi ko yana kwance. Rabon ƙafa, wanda tafiya ke cinyewa. Rabon sama, wanda zafi ko sanyi ke karɓa. Abin da ya rage shi ne rabon wuƙa, shi ne naman da mai Layya zai gani. Ya ce aikin makiyayi duka shi ne ya hana ƙafa da sama cin rabon wuƙa. Saboda haka yakan bar ciyawa mai kyau da ke nesa ya tsaya a matsakaiciya da ke kusa. Sauran makiyaya suna masa dariya har ranar kasuwar raguna ta zo.

Shekarar da matata ta rasu, na kulle kaina a ɗaki, na bar karantarwa, na bar jan sallah a masallacin unguwa. Kowa ya zo da nasiha da ayoyin da ni ma na sani. Kawu bai kawo aya ba. Ya zo da sassafe ya tsaya a ƙofa ya ce, "Ɗan Yaya, idona ya fara ruɗewa da ƙirga. Zo ka riƙe min wannan." Ya miƙo min carbin dabino. Kwana arba'in ina bin garkensa ina ƙirga taku. Wanda ke ƙirga taku ba ya samun sararin tunani, in ya yi tunani lissafin ya ɓace, sai a sake. Bai taɓa ambata min marigayiyar ba. Ranar arba'in ya karɓi carbinsa ya ce, "Idon ya warke. Koma wa ɗalibanka." Idonsa lafiya lau yake tun farko.

A cikin kwanakin nan na ga yadda yake rubutu. Kowane yammaci yakan zauna a gindin tsamiya ya ciro littafi irin na 'yan lekol, wato 'yan makarantar boko, daga aljihu. Ya rubuta ranar, da ƙwallaye nawa aka taka, da abin da aka ci, ciyawa ce ko harawa ko dusa. Sai wasu kalmomi gajeru, a gaban kowace ya ja 'yan layuka, ɗaya ko biyu ko uku. Babbaƙu zalla yake rubutawa, ba ya ɗora wasali. An cire shi daga makarantar allo bai yi nisa ba, hannunsa ya tsaya a nan. Ni kuwa na yi shekaru a gaban malamai, ina alfahari da rubutuna, baƙin tawada ga haruffa, ja ga wasali.

Na sha yi masa gori. "Kawu, rubutunku tsirara yake yawo. Ku sa masa riga."

"Wa zai gani? Ni da tumaki ne, su kuma ba sa jin kunya."

"Wata rana wani zai so ya karanta."

"Sai ya tambaye ni. Ina nan."

Haka ya yi ta rubutawa fiye da shekara talatin. Layya ta same shi cikin bazara, ta ja baya ta shiga sanyi, ta shiga kaka, ta ratsa damina, ta zagayo tana shirin komawa inda ya fara. Babu yanayin da bai yi kiwon ragon Layya a cikinsa ba, kuma duk yana cikin littattafan.

Wannan ne ya ja hankalin jikarsa. Tsakaninsu wasan kaka da jika ne, shi yana ce mata Amarya, ita tana ce masa Maigida. Ta zo hutu ta faɗa masa abin da take son yi domin kammala karatunta. Za ta gina wani lissafi a cikin na'ura, wanda za a ba shi abin da rago ya ci, da nisan da ya taka, da yanayin da ya wuni a ciki, shi kuma ya faɗi naman da ragon zai ƙara cikin kwana kaza. Ta ce lissafin da suke koyo an gina shi ne da tumakin wasu ƙasashe masu ulu, ba su san ranar Garwa ba.

Kawu ya saurara har ta gama. Ya ce, "Amarya, wato shekara biyar ina aika miki da soyayyen nama domin ki gano yatsu huɗu?"

"Maigida, naka yatsun za a binne su da kai. Nawa za su zauna a na'ura."

Ya yi dariya, amma na ga maganar ta shige shi. Ya tashi ya ɗauko littattafan daga cikin adaka, a naɗe cikin tsohon zane, ya ajiye mata a cinya. Ban taɓa ganin ya bar wani ya taɓa su ba.

Yarinyar makarantar Faransanci ta yi, ba ta karanta ajami. Ni aka ba aikin mayar mata da su boko. Wata takwas na yi ina yi, bayan kowace sallar la'asar. A kusan kowane shafi akwai kalma mai harafi uku: ra, wau, alif, da layuka a gabanta. Na duba na ce, ruwa. Me makiyayi zai rubuta in ba ruwa ba? Layi uku, an shayar sau uku. Haka na rubuta mata tun daga littafi na farko har na goma sha ɗaya. Gidan Kawu da nawa lungu uku ne tsakani. Ban je na tambaye shi ba ko sau ɗaya. A raina ina ganin bai dace malamin da ke koyar da rubutu ya je yana tambayar mai babbaƙu abin da harafi ke cewa ba.

Kafin Layyar bana, yarinyar ta dawo da na'urarta. Kawu yana kwance a rumfa, jiki ya yi nauyi, amma baki na nan. Maƙwabta biyar ko shida suna zaune, duk mutanen da ke sallah a bayana ne. Ta buɗe na'urar ta zauna kusa da kansa.

"Maigida, lissafin ya fito, amma ya ba malaminmu mamaki. Littafinka ya nuna duk ragon da ya fi shan ruwa, shi ya fi ramewa."

"Wa ya faɗa?"

"Kai ka rubuta."

"Ni? Nuna min."

Ta buɗe littafi na huɗu ta ɗora yatsa. Ya kawo shi kusa da ido. Sai ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi, Goggo ta fito da gudu da kofin ruwa.

"Rawa ce! Rawa, Amarya, rawar ɗari! Ruwan sama ya doke su a fadama, iska ta biyo, suka tsaya suna karkarwa. Layi ɗaya, 'yar kaɗan. Layi uku, har haƙora. Ragon da ya wuni yana rawa, abin da ya ci kwana biyu ya tafi a banza. Rabon sama ke nan."

Fuskar yarinyar ta sauya. "Duka rawa ce?"

"Ina fa. Wasu ruwa ne. Wannan ruwa ne, ranar da muka gangara kogi sau biyu. Wannan rawa. Wannan ma rawa, ranar da ƙanƙara ta sauka, uwarki na da cikinki."

"To ta yaya ake bambancewa?"

"Ni na san ranar." Ya share hawayen dariya. "Wane jahili ya karanta miki?"

Ta saci kallona. Ya juyo ya dube ni, ya gane. Da ya yi shiru da ya fi, amma Kawu bai iya barin wasa ya wuce shi ba.

"Af, Malam ne? Shekara nawa kana min gorin wasali, ashe kai ne ba ka iya tafiya sai da sanda."

Mutanen suka yi dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, na sani yanzu. A lokacin ji na yi kamar an cire min rawani a tsakiyar kasuwa.

Ya ce, "Ba komai, ɗan Yaya. Ka zo da jan tawadarka mu zauna. Ina faɗa kana ɗorawa. Sati biyu mun gama, mu sa wa rubutun rigar da kake so."

Na ce to. Na tashi na tafi. Yarinyar ta koma makaranta da alkawarin za mu aika mata da gyara.

Kwana goma sha tara ban taka gidan ba. Na ce da kaina hidimar Layya ce, na ce ɗalibai ne, na ce bari zuciyata ta huce. Sau biyu ya aiko Goggo, ina cewa gobe. A karo na uku ta zo da ƙaramar kwalba a ƙulle cikin gefen mayafi. Jan tawada ce sabuwa, ya sa an sayo masa a kasuwa. Tare da ita akwai guntuwar takarda mai harafi biyu, zaira da wau.

Na duba na ce da Goggo, "Wannan kuma zo ne ko zawo? Ba wasali."

Ina jira ta yi dariya. Ta dube ni ta ce, "Ka san abin da ya rubuta." Ta gyara mayafinta ta fita.

Wannan ranar Lahadi ce. Litinin na fere sabon alƙalami. Talata da hantsi na ɗauki kwalbar na nufi gidan, ina shirya yadda zan shiga da wasa domin kada a ga kamar na sauko. Ina shan kwanar lungu na uku na ji salatin mata.

Ni na yi masa wanka. Ni na ja sallarsa. Kwalbar tana aljihuna duk tsawon lokacin, ina jin ta a cinyata kowace kabbara.

Bayan addu'ar bakwai muka zauna da jikarsa muka gwada. Na ce a bi yanayi: cikin bazara ruwa ne, cikin sanyi rawa. Ta yarda da wannan, ko da yake ta ce zato ne. Amma damina fa? A damina ana gangarawa kogi, ana kuma jiƙewa, a wuni guda. Kuma damina take nema, domin Layya a shekarun nan cikin ruwa take faɗowa, sannan ne masu kiwo ke asarar naman da ba su san inda ya tafi ba. Muka tambayi Goggo. Ta ce ita dai ta san in sun dawo a jiƙe yakan rufa musu buhuna, ya hura wuta a gefen turke, amma ba ta riƙe ranaku ba. Muka aika wa Bafulatanin nan na hanyar Lagdo. Ya ce ya san rawa tana cin nama, kowane makiyayi ya sani, amma nawa take ci, a kwana nawa, wannan mutum ɗaya ne ya zauna ya ƙirga.

Malaminta ya ce ba za a gina lissafi a kan kalmar da ba a san karatunta ba, kuma gaskiya ya faɗa. Ta cire littattafan Kawu daga aikin. Za ta yi amfani da awon 'yan watanni da aka yi wa tumakin makaranta, ta cike da na littattafan waje. Ta ce za ta sa sunansa a shafin farko, wurin sadaukarwa. Ranar da za ta koma ta kawo min littattafan a cikin zanensu.

"Baffa, ku ajiye. Ko za ku tuna wani abu. Kun bi shi kwana arba'in."

"Ina ƙirga taku ne. Ban duba abin da yake rubutawa ba."

"To ku sa wanda kuka ga ya fi kama."

"Na riga na yi haka sau ɗaya."

Ta sunkuyar da kai. Ba ta zarge ni ba, har yau ba ta zarge ni ba, da ma ta yi.

'Ya'yansa duk 'yan kasuwa ne, babu mai bin fadama. Fadamar ma ta kusa ƙarewa, lambunan albasa sun ci rabi, gidaje suna cin sauran. Sun sayar da garken ga mahauta, aka kora su mayanka da rana tsaka, da sauri. Rago ɗaya aka bar wa Goggo, wani farin uda mai baƙin kai. Igiyar awon nan tana rataye a rumfa. Jiya na ga an ɗaura mata shanya.

Ranar addu'ar arba'in, bayan mutane sun watse, hadari ya haɗo daga gabas aka tsuge da ruwa. Na fake a rumfar da yake kwanciya. Udan yana ɗaure a turke a tsakar gida, an manta da shi. Ruwa ya cika kwanon da ke gabansa har yana zuba. Ya sunkuya ya sha, ya ɗago, iska ta taso, sai jikinsa ya kama karkarwa tun daga wuya har cinya. Na tsaya ina kallonsa. Da Kawu ne zaune a nan da littafinsa, ra, wau, alif zai rubuta, ya ja layi, ya rufe. Ga ragon a gabana, ga kwanon, ga karkarwar, ina gani da idona, kuma ban san wanne zai nufa ba.

Na shiga ruwan na kwance shi, na jawo shi rumfa, na rufa masa buhu. Goggo ta leƙo daga ɗaki ta gan mu, ta koma.

Littattafan suna nan a kan buzuna. Kwalbar da ya saya ban buɗe ta ba sai yau. Na tsoma alƙalami, na buɗe littafi na farko, na kai hannu kan harafin ra. Wasali bisa, rawa. Rufu'a, ruwa. Ɗigon ja ɗaya ne, yaro ɗan shekara bakwai yana yin sa. Na riƙe har tawadar ta bushe a bakin alƙalamin.

Ya Allah, ga bawanka ya zo Maka. Ya tausaya wa dabbobin da ba sa iya roƙo, ya tausaya wa ɗan 'yar'uwarsa ranar da ba wanda ya san yadda za a yi da shi. Ka yafe masa, Ka yalwata makwancinsa, Ka kare shi daga zafi da ɗari. Kai ne Ka san karatun kowane harafi da ya rubuta. Ni kuma Ka yafe min kwana goma sha tara.